Motocin jif na Lamborghini kafin Urus: me ya hana su kai labari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani abokina ya nuna min hoton wata jif mai kama da ta soja, jikinta kusurwa-kusurwa, amma ga tambarin bijimin Lamborghini a gabanta. Ya ce tun kafin a haife mu aka ƙera ta, ni kuwa a sanina Urus ce jif ɗinsu ta farko. Da gaske ne? In gaskiya ne, me ya sa ba mu taɓa ganin irinta a hanya ba? Kuma da za a kawo ta nan, za ta fi Land Cruiser iya rairayi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai yi maka ƙarya ba. Tsakanin 1977 da 1986 kamfanin Lamborghini ya ƙera motocin jif na gwaji wajen biyar, kowacce ƙwaya ɗaya tak, kafin ya samu wadda ta isa a kai kasuwa. Ga yadda za ka gane wadda ke cikin hoton. In buɗaɗɗiya ce, ba ƙofofin kirki, sai ƙarfen kariya a sama, to Cheetah ce ta 1977. In kuwa tana da ƙofa huɗu, da wani tozo a kan bonet, da tayar safiya a manne a baya, to LM002 ce, wadda aka sayar wa jama'a daga 1986. Tsakanin waɗannan biyun ne duk labarin yake, kuma abu biyu ne suka yi ta kayar da kamfanin a shekarun: inda ya ajiye injin, da wanda ya zaci zai sayi motar.

Sai ka fara sanin halin da kamfanin ke ciki a lokacin, don ba sha'awa ce ta kai shi ga jif ba, yunwa ce. Ferruccio Lamborghini, wanda ya yi arzikinsa da ƙera taraktocin noma, ya kafa kamfanin motocin a 1963 a garin Sant'Agata Bolognese na ƙasar Italiya. Zuwa 1974 ya riga ya sayar da hannun jarinsa kaf ga wasu 'yan kasuwa biyu mutanen Suwizalan, Georges-Henri Rossetti da René Leimer, ya koma gonarsa. Tsadar man fetur ta 1973 ta riga ta karya kasuwar motocin gudu masu shan mai. Countach, motar gudun kamfanin, tana nan, kowa na son hotonta a bango, amma hoto ba ya biyan albashin ma'aikata. Sai kamfanin ya shiga neman kwangila daga waje, ya kuma samu biyu. Ta farko daga BMW ta Jamus, wadda ke son a ƙera mata motar tsere mai suna M1, kimanin guda 400. Ta biyu daga wani ƙaramin kamfanin Amurka, Mobility Technology International, ko MTI, wanda ke hangen kwangilar sojan Amurka ta motar da za ta gaji tsohuwar jif ɗinsu.

Daga wannan ta biyun Cheetah ta fito. A San Jose ta jihar Kalifoniya aka harhaɗa ta, aka aika da ita Italiya aka ƙarasa gyare-gyare, sannan aka nuna ta a bajekolin motoci na Janeba a 1977. Da za ka zagaya ta a tsaye, abin da zai fara ba ka mamaki shi ne babu wani abin Lamborghini a cikinta sai tambari. Bodin na faiba ne. Kujeru huɗu ne, na soja huɗu da kayan faɗansu. In ka leƙa gaba neman inji ba za ka same shi ba, yana can baya, bayan kujeru: injin Chrysler mai silinda takwas, lita 5.9, haɗe da giya otomatik mai hawa uku. Ƙarfinsa doki 180 ne kacal, motar kuwa ta kai tan biyu. Kada girman injin ya ruɗe ka. A shekarun nan dokokin rage hayaƙi na Amurka sun sa kamfanoni sun rage matsin injinansu, sun shaƙe su, har inji mai kusan lita shida ya koma ba ya fitar da abin da injin lita biyu da rabi na motar gida ke fitarwa a yau.

Rashin ƙarfi dai ana iya gyara shi, a canza inji. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar tana wurin zaman injin, kuma a nan nake so ka tsaya da ni kaɗan, don shi ne darasin da ya ci wa kamfanin shekara biyar.

Sa inji a baya ba wauta ba ce a karan kanta. Nauyi a kan tayoyin baya yana sa su kama ƙasa, shi ya sa ƙananan motocin Volkswagen masu inji a baya suka yi suna a rairayi tun yaƙin duniya na biyu, kuma har yau motocin wasa a tudun yashi a baya ake sa musu inji. Amma waɗancan marasa nauyi ne, injinsu ƙarami, kuma a ƙasa-ƙasa suke. Ɗauki wannan dabarar ka ɗora ta a kan mota mai tan biyu, mai tsayi daga ƙasa, mai laushin sifirin don ta iya hawa duwatsu, ka kuma jibga mata injin zubin ƙarfe a gindi. Duk mota in ka taka totur nauyinta baya yake komawa. Wadda dama bayanta ya fi nauyi, sai gaban ya ƙara ɗagawa, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Ka juya shi, motar ta yi kamar ba da ita kake ba. Duk direban a-kori-kura da aka taɓa loda wa buhuna a can ƙarshen bodi ya san wannan jin. A kwana kuma abin juyewa yake yi: da zarar ka saki totur a tsakiyar kwana, nauyin bayan sai ya nemi ya wuce gaba, motar ta wulwula. A kan kwalta wannan abin tsoro ne, a gefen tudun rairayi kuwa kifewa ce. Ƙara da cewa bayan mota nan ne ƙurar da tayoyi huɗu suka tayar take taruwa, nan kuma injin ke shaƙar iska. Sannan wurin da soja zai ajiye harsashi da jarkokin ruwa, injin ya riga ya zauna a kai.

Kafin ma a kai ga wannan muhawara, rigima ta taso ta wani gefen. Kamfanin FMC na Amurka yana da motar gwaji ta soja mai suna XR311, ita ma mai injin Chrysler a baya, wadda ya ƙera tun farkon shekarun 1970. Da ya ga Cheetah sai ya ce ai tasa ce aka kwaikwaya, ya ɗauki matakin shari'a. Wanda ya ajiye hotunan biyu gefe da gefe zai fahimci abin da ya fusata su. Sojan Amurka bai sayi Cheetah ko ɗaya ba. Da lokacin babbar kwangilar ya zo a 1983, kamfanin AM General ne ya cinye ta da Humvee, motoci kimanin 55,000 a zubin farko. Ka lura, Humvee a gaba injinta yake, kuma na gas ne.

Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba, har ma ta ci uwar kuɗi. Kuɗi da hannun da ya kamata su tafi aikin BMW sun zurare wajen Cheetah, aikin M1 ya yi ta jan ƙafa, a 1978 BMW ta janye kwangilarta ta kai aikin wasu wurare. A shekarar nan Lamborghini ya durƙushe, kotu ta karɓi ragamarsa. Wato an saki kwangilar da ke hannu, an bi wadda ba a ma tallata ba tukuna. A ganina wannan shi ne kuskure mafi muni a duk tarihin, ya fi na injin.

Waɗanda suka ceto kamfanin suna da alaƙa da yankinmu na Afirka ta Yamma. 'Yan'uwa biyu ne, Jean-Claude da Patrick Mimran, waɗanda dukiyar gidansu ta ginu a kan sukari da fulawa: kamfanin sukari na Richard-Toll a Sanagal da manyan injinan niƙan alkama na Dakar da Abijan. Sun karɓi tafiyar da Lamborghini a 1980, Patrick yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, tsohon injiniyan Maserati, Giulio Alfieri, kuma yana jagorantar sashen ƙira. Maimakon su binne maganar jif, sai suka tono ta, da tunanin cewa in Amurka ba ta saya ba, rundunonin ƙasashen Larabawa masu kuɗin mai za su saya.

A Janeba a 1981 suka nuna LM001. Ta samu ƙofofi da rufi, ta fi Cheetah kama da motar mutane, injin ya koma na kamfanin AMC, shi ma silinda takwas lita 5.9 mai doki 180. Amma ina aka sa shi? A baya dai, inda na Cheetah yake. Gwaji ya maimaita abin da aka riga aka sani: ka taka totur, gaba ya yi sama, sitiyari ya daina jin magana. Niyyarsu ma ita ce daga baya su sa mata injin Countach mai silinda goma sha biyu, wanda zai ninka ƙarfin, ya kuma ninka matsalar. Guda ɗaya aka ƙera aka tsaya.

Sai a 1982 Alfieri ya yi abin da ya kamata a yi tun farko. Ya sake ƙashin motar gaba ɗaya, ya yi shi da bututun ƙarfe da aka sassaƙa aka yi wa walda, ya ɗauko injin Countach mai lita 4.8 ya dasa shi a gaba. Ita ce LMA002. Nan take abubuwa uku suka gyaru. Nauyi ya rabu tsakanin gaba da baya, lagireto da matatar iska suka samu iska mai tsabta, bayan motar kuma ya zama fili na mutane da kaya. An ƙara gwada wasu biyu a gefe. LM003 ta koma wa inji a baya, na gas mai turbo daga kamfanin VM na Italiya, doki 150, wanda ya kasa jan jikinta. LM004 kuwa aka cusa mata injin jirgin ruwan tsere mai fiye da lita bakwai. Duka biyun a gwaji suka tsaya.

Gyaran inji shi ne rabin magani. Sauran rabin shi ne kamfanin ya haƙura da soja. Ka sa kanka a matsayin hafsan da ke sayen motoci wa runduna. Abin da kake tambaya shi ne: nawa ce guda ɗaya, nawa take sha, ƙaramin soja da ya yi wata uku yana koyon kanikanci zai iya gyara ta a daji, kuma in farfela ta karye a ina zan samu wata? LM ba ta da amsa mai daɗi ko ɗaya. Amma akwai wani mai saye da ba ya yin waɗannan tambayoyin sam: attajiri ko ɗan sarauta a ƙasar Larabawa, ko tauraro a Amurka, wanda ke son abin da babu wanda ke da shi. Saboda shi aka shimfiɗa fata a kujeru, aka sa katako mai sheƙi, da iyakwandishan, da gilashi mai hawa da kansa, da rediyo a jikin rufi. Aka nuna ta a bajekolin Burasel na ƙasar Beljiyam a 1986 da sunan LM002.

Wannan kam Lamborghini ce ta gaske. Injin Countach ne mai lita 5.2, silinda goma sha biyu, doki wajen 450, da giyar hannu mai hawa biyar ta kamfanin ZF, da ƙaramar giya ta hawan dutse da fita daga laka. Nauyinta kimanin kilo 2,700, amma tana kai gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa takwas, tana kuma haura kilomita 200 a awa, a zamanin da Range Rover ba ta ko kusa da haka. Tozon nan na kan bonet ba ado ba ne. Kafireto shida na Weber ne a jere a kan injin, da manyan matatun iska da aka ƙara don ƙura, ba su da wurin shiga sai da aka ɗaga musu murfi. Tayoyin kuwa Pirelli ne ya ƙera su musamman dominta, faɗinsu ya kai milimita 345, iri biyu: na haɗin kwalta da daji, da na rairayi zalla, kuma ana iya tafiya da su ko iska ta fita. Kimanin 300 aka ƙera daga 1986 zuwa 1993, kuɗin guda a Amurka wajen dala 120,000 a lokacin. Ka ga dalilin da ba ka taɓa cin karo da ita a hanya ba: mota ɗari uku a duk duniya, mafi yawansu a kulle a garejin masu tara kayan tarihi.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi min daɗi. Za ta fi Land Cruiser iya rairayi?

In gasar awa ɗaya ce, a hau tudu a sauko, a tsere a fili, LM002 za ta ba da mamaki. Rairayi abu biyu yake so, faɗin taya da ƙarfin da zai riƙe gudu kada mota ta nutse, ita kuwa tana da duka biyun fiye da kima. Direbobin hamada sukan tsaya su sace iskar taya kafin su shiga yashi mai laushi don tayar ta baje, ita tata a baje ta zo daga masana'anta. Amma hamada ba gasar awa ɗaya ba ce. Ɗauki hanyar Agadas zuwa Dirku, fiye da kilomita 500 ta cikin Tenere, ba gidan mai, ba gareji. A kan kwalta ma LM002 tana shan wajen lita 30 a kilomita 100, wato daga Kano zuwa Kaduna ka ƙone kusan lita 70. A rairayi mai laushi, inda inji ke kuka a ƙaramar giya, shan ya wuce haka nesa. Kuma ba kowane fetur take so ba, injin tsere ne mai neman mai mai kyau, ba na jarka da ya kwana a rana ba. Sai kafireto shida, waɗanda dole a daidaita su su riƙa numfashi tare. Bakaniken da ya taɓa fama da biyu ya san wahalar, balle shida, balle ƙura ta shiga ɗaya. In kuma ta kafe, kilo 2,700 ne za ku tona da shebur. In taya ta yage, babu irinta daga Agadas har Tarabulus.

Ba sai mun yi hasashe ba ma, tarihi ya yi mana gwajin a maƙwabta, kuma a daidai lokacin. Shekara guda bayan fitowar LM002, a 1987, sojojin Cadi suka fatattaki rundunar Libiya mai tankokin yaƙi a Fada a watan Janairu, sannan a Wadi Dum a watan Maris. Abin hawansu a-kori-kura ne na Toyota, Hilux da Land Cruiser, kimanin 400 da Faransa ta ba su, an ɗora wa wasu makamin harbo tanka mai suna MILAN. Har yau yaƙin Toyota ake kiransa. Abin da Cheetah da LM001 suka yi mafarkin zama ke nan, motar soja mai sauri a hamada, sai ga shi motar manomi da ɗan kasuwa ce ta yi aikin, don tana da arha, ba ta da nauyi, tana shan abin da aka samu, kuma kayan gyaranta na kowace kasuwa. Land Cruiser samfurin 70 da Toyota ta fitar a 1984 har yanzu ana ƙera ta, injin gas ɗinta mai lita 4.2 da ya zo a 1990 bai kai doki 135 ba, amma shi ke ɗauke da mutane da kaya a hamada har gobe. Don haka amsata ita ce a'a. LM002 ta fi ta gudu, ta fi ta ƙarfi, ta fi ta jan ido, amma in za a ce in zaɓi wadda zan tsallaka Tenere da iyalina a ciki, ko waiwayar Lamborghini ba zan yi ba.

Duk da haka ba na cikin masu yi wa waɗannan motocin dariya. Kamfanin ya yi kuskuren mai saye, amma da ya gyara sai ya faɗa kan wata kasuwa da babu wanda ya san tana nan: mutanen da ke son jif mai gudun motar tsere da kujerun falo, ba don za su shiga daji ba. Ya dai zo da wuri ne, ba shi kuma da kuɗin da zai riƙe ta. Chrysler ta sayi kamfanin a 1987, Audi ta karɓe shi a 1998, Porsche ta fito da jif ɗinta Cayenne a 2002 ta nuna irin kuɗin da ke cikin wannan kasuwar. Sai a 2012 Lamborghini ya nuna Urus ta gwaji a Beijin, ya fitar da ta sayarwa a ƙarshen 2017. A 2017 motoci 3,815 ya sayar gaba ɗaya. A 2019 ya sayar da 8,205, fiye da rabinsu Urus.

Sai dai kada ka ɗauka Urus jikar LM002 ce ta jini. Ƙashinta ɗaya da Audi Q7 da Bentley Bentayga da Cayenne, injinta silinda takwas ne lita huɗu mai turbo biyu, doki 650 a fitowarta ta farko, kuma don kwalta aka yi ta, tayoyinta ma sun shaida. LM002 da duk aibinta an ƙera ta ne da niyyar shiga hamada da gaske, ƙashin bututu, ƙaramar giya, tayar rairayi. In wata rana Allah ya hore maka har ka ga ana gwanjon ɗaya a Turai ko Dubai, kuɗinta yanzu ɗaruruwan dubban daloli ne, kuma kafin ka tambayi lafiyar inji ka fara duba shekarar da aka buga a jikin tayoyin. Babu wata mota da ke amfani da irinsu, samunsu sai an sha jira, kuma saiti ɗaya ya isa ya saya maka ƙaramar mota 'yar Kwatano.